Kifin Gona a Ƙarƙashin Ƙanƙara: Yadda Hwacheon Ta Mai Da Rafinta Tafkin Su

A makon farko na Janairun 2020 aka wayi gari a Hwacheon ana tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya. A wannan yanki na tsaunukan arewacin Koriya ta Kudu, Janairu watan dusar ƙanƙara ne da sanyi mai daskarar da ruwa a cikin famfo, kuma tsofaffin garin ba su saba ganin hadari irin wannan a tsakiyar hunturu ba. Ruwan ya gangaro daga duwatsu da laka da tarkace, ya haye kan ƙanƙarar da ta rufe rafin garin, ya shiga cin ta daga sama. Ma'aikatan gunduma suka kwana a bakin rafi da injinan zuƙe ruwa da buhunan yashi, suna ƙoƙarin ceto abin da za a iya cetowa. Dama an riga an ɗage buɗe bikin kamun kifi na shekarar daga 4 ga wata zuwa 11 saboda sanyi ya ƙi kankama. Bayan ruwan sai aka sake ɗagewa zuwa 27 ga wata. Da aka buɗe ɗin ma, ƙanƙarar ba ta yi ƙwarin da za ta ɗauki taro ba, ga kuma labarin cutar korona ya fara hana mutane fita. Bikin da ya tara mutum miliyan 1.84 a 2019 ya tashi da kimanin dubu 420.

Duk abin da ake buƙata don wannan biki yana nan a shirye a shekarar. Kifi na nan, an biya kuɗinsa. Rumfuna na nan, fitilu na nan, motocin baƙi an yi musu rajista. Ƙanƙara ce kaɗai ba a saye da kuɗi, kuma ita ce ta ƙi zuwa.

Hwacheon, wadda ake furtawa kusa da Hwacon, gunduma ce a lardin Gangwon, tafiyar awa biyu da ɗoriya a mota daga Seoul. Mazaunanta ba su wuce dubu 23 zuwa 24 ba. Mafi yawan ƙasarta dutse ne da daji, iyakarta ta arewa kuma tana kusa da zirin da ya raba Koriya biyu. Daga 1945 zuwa yaƙin da ya ɓarke a 1950 tana hannun Arewa ne, sai bayan yaƙin ta dawo Kudu, bayan an gwabza ƙazamin faɗa a 1951 kan madatsar ruwanta da aka gina tun zamanin mulkin Japan. Abin da wannan tarihi ya bar wa garin shi ne barikoki. Dokokin tsaro sun taƙaita gine-gine, masana'antu ba su zo ba, matasa suka yi ta kwarara birni. Mai gidan abinci da mai masauki da direban tasi duk da sojan da ya fito hutun ƙarshen mako suka dogara, da iyayen da suka zo duba ɗansu. Da hunturu ya shigo kuwa, gona ta daskare, kasuwa ta mutu.

A cikin wannan hali ne gundumar ta buɗe bikin farko a Janairun 2003. Dabarar ba ta da wani sarƙaƙiya: tunda sanyi ne abin da garin ya fi kowa, a sayar da sanyin. Kimanin mutum dubu 220 suka zo a shekarar farko. Daga 2006 adadin ya haura miliyan ɗaya. A 2011 tashar CNN ta saka bikin a jerin abubuwan al'ajabi bakwai na hunturu, daga nan kamfanonin yawon buɗe ido suka fara loda baƙi daga Taiwan da Tailan da Malesiya da sauran ƙasashen da ba su san ƙanƙara ba sai a firiji. Yawan Musulmin da ke zuwa daga kudu maso gabashin Asiya ya sa har an ware wurin sallah a filin. Alƙaluman nan na masu shirya bikin ne, kuma shiga suke ƙirgawa, ba kowa ne ke jefa ƙugiya ba. Duk da haka, a raba miliyan 1.84 a kwana 23 da ake yi ana bikin: kusan mutum dubu 80 ke nan kowace rana, fiye da ninki uku na mazauna gundumar kakaf.

Kifin da ake zuwa dominsa Koriyawa na kiransa sancheoneo, mu ce sancono, ma'ana kifin rafin dutse. Dangin kifin nan ne na ruwan sanyi da Turawa ke kira tirawut da salmon. Asalinsa iri ɗaya ne da wani salmon na gabashin Asiya da ke sauka teku ya girma ya dawo rafi ya yi ƙwai. Wanda ya sauka teku yakan yi girma ya koma launin azurfa. Wanda ya zauna a rafi bai tafi ba shi ne sancono, tsawonsa santimita 20 zuwa 30, da ɗigo-ɗigon baƙi masu kama da sawun yatsa a jere a gefen jikinsa. Ba ya jure ruwan ɗumi ko mai datti, shi ya sa Koriyawa ke ɗaukar sa alamar tsabtataccen ruwa, kuma wannan suna ne gundumar ta so ta jingina da shi.

Sai dai sancono ba ɗan Hwacheon ba ne. Gidansa na asali rafukan da ke gangarawa gabas ne su faɗa teku, a ɗaya gefen tsaunukan Taebaek. Ruwan Hwacheon yamma yake bi, ya shiga kogin Bukhan, ya haɗu da kogin Han da ya ratsa Seoul. Saboda haka kowane kifi da baƙo ya zaro daga rami a bikin nan a gidan gona aka ƙyanƙyashe shi, aka ciyar da shi, aka auna shi a sikeli, aka ɗora shi a motar tanki mai iskar shaƙa aka kawo. Gundumar na ƙulla yarjejeniya da gidajen kiwon kifi a sassa daban-daban na ƙasar tun watanni da yawa kafin biki, kuma ita ke saye mafi yawan sanconon da ake kiwo a Koriya ta Kudu. A shekarun baya-bayan nan abin da ake zubawa yana kaiwa tan 150 zuwa 190, wato kifi sama da rabin miliyan. Wanda ya san Argungu zai ga bambancin nan take. Can, haramta su ake yi a Matan Fada har ranar gasa don kifin kogi ya taru da kansa. Nan kuwa sayo shi ake yi a zuba.

Shi ma rafin ba a bar shi yadda Allah ya yi shi ba. Ruwa mai gudu ba ya saurin daskarewa, idan ma ya daskare ƙanƙararsa ba ta da tabbas, kauri nan sirara can. Don haka tun kafin hunturu ake gyara gindin rafin, a datse shi da shingaye a rage masa gudu, a daidaita zurfinsa ya tsaya kusan mita biyu, a kuma kafa raga sama da ƙasa don kada kifi ya tsere. Abin da ya rage sunansa rafi, amma aikinsa na tafkin kiwo ne mai tsawon kilomitoci kaɗan a gefen gari. Iska mai sanyi da ke biyo kwarin daga duwatsu ita ke ƙarasa aikin, kuma ita ce gatan da Hwacheon ta fi maƙwabtanta da shi.

Yadda kifi ke rayuwa a ƙarƙashin wannan rufi abu ne da ya cancanci a tsaya a kansa, domin duk sana'ar a kansa ta ginu. Ruwa ya sha bamban da yawancin abubuwa: yana kai maƙurar nauyinsa ne a digiri 4, idan ya ƙara sanyi daga nan sai ya fara sauƙi. Shi ya sa ruwan da ya fi sanyi ke tsayawa a sama ya daskare, ƙanƙarar ta yi iyo, ta zama bargo ga abin da ke ƙasa. A waje sanyi na iya kaiwa digiri 15 ƙasa da sifili, amma can gindin rafi ruwa na nan a ruwansa, digiri ɗaya zuwa huɗu. Kifin ruwan ɗumi irin tarwada ko karfasa ba zai kai labari a nan ba. Dangin tirawut kuwa suna ci gaba da yawo da farauta, sai dai a hankali, kuma ruwan sanyi ya fi riƙe iskar da suke shaƙa. Wannan ne ya sa a Amurka da Kanada ma hukumomin kifi na jihohi da larduna ke zuba tirawut a ƙananan tafkuna don masu fatsar hunturu. Abin da Hwacheon ta yi shi ne ta ɗauki wannan tsari na mutum goma ko ashirin a kan tafki ta faɗaɗa shi ya ɗauki dubbai a lokaci guda.

A nan ne lissafin kauri ya zama batun rai da mutuwa. Ƙa'idar da aka sani a ƙasashen sanyi ita ce santimita 10 na sabuwar ƙanƙara mai haske kamar gilashi na ɗaukar mutum a ƙafa, farar ƙanƙara kuma wadda dusa ko ruwan sama ya gauraya da ita rabin wannan ƙarfi gare ta. Wannan lissafin mutum ɗaya ne. Filin da aka huda masa ramuka dubbai, aka kuma jibge masa jama'a kafaɗa da kafaɗa, yana buƙatar ninki biyu ko fiye, shi ya sa a Hwacheon ake neman santimita 20 zuwa 25 ko sama da haka. Kowace rana masu ninƙaya na rundunar ceto kan sa kayan nutso su shiga ƙarƙashin ƙanƙarar su auna ta, su duba inda ruwa ke cin ta daga ƙasa, tunda ido daga sama ba ya ganin wannan. Sakamakon awon ne ke yanke yawan mutanen da za a bari su shiga da tazarar da za a bari tsakanin rami da rami. Idan kauri ya ragu, a nisanta ramuka a rage tikiti. A ganina wannan shi ne aikin da ya fi kowane muhimmanci a bikin, ko da yake ba shi ake ɗauka a hoto ba.

Shi kansa sun ba shi da wuyar koyo, kuma da gangan aka yi shi haka. Baƙo zai sayi ɗan sandan roba mai kama da matankaɗin hannu da aka naɗe wa zare, da ɗan kifin ƙarfe mai walƙiya da ƙugiya a jikinsa. Zai sami raminsa, wanda faɗinsa bai fi tafin hannu biyu ba, ya kwashe ɓarɓashin ƙanƙarar da ke sake rufe bakinsa da ludayi mai huji, ya saki zare har ƙarfen ya taɓa ƙasa, ya ɗan ɗago shi. Daga nan sai fizga sama, saki ƙasa, fizga sama, saki ƙasa, yadda ƙarfen zai riƙa lilo kamar ƙaramin kifi da ya ji rauni. Koriyawa na kiran wannan motsi gopaejil. Ba tsutsa, ba gari, ba komai a ƙugiyar, walƙiya da motsi ne kawai ke yaudarar kifin. Za ka ga manya da yara kwance rubda-ciki a kan ƙanƙara, fuska a bakin rami, hannu ya kare haske, suna leƙen inuwar kifin da ke wucewa. Masu wayo kan lura da lokacin da motar tanki ke zuwa, domin sau da dama a rana ake zuba sabon kifi, kuma a mintunan da suka biyo baya ne aka fi kamu. Mutum ɗaya kifi uku aka yarda ya fita da su. Da ya fito akwai rumfar gashi inda za a naɗe masa kifin a takardar alminiyom a gasa, akwai kuma inda za a yanka masa shi sirara-sirara ya ci ɗanye da yaji, yadda suka saba.

Inda hikimar gundumar ta fi fitowa, a wurina, a tikiti ne. Babba na biyan won 15,000, wajen dala 11, amma a take za a mayar masa da takardar sayayya ta won 5,000 wadda ba ta da amfani sai a rumfunan amfanin gonar Hwacheon. Wasu wasannin filin ma takardar kashewa a shagunan gari ake mayar wa mutum. Ba wanda zai koma Seoul da takardar da ba ta ciwuwa a can, don haka dole ya tsaya gaban manomi ya ɗauki shinkafa ko busasshen ganye ko naman kaza, kuma da wuya ya tsaya a iya ƙimar takardar. Da suka lura yawancin baƙi da safe suke zuwa su juya da yamma, sai suka buɗe sun dare, suka ba wanda ya kama ɗaki ya kwana a gundumar damar shiga kyauta. Titin tsakiyar gari kuma ana rufe shi da dubban fitilu masu siffar kifi, waɗanda tsofaffin ƙauyuka ke haɗawa da hannu a tsawon shekara ana biyan su. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai amsa ce ga tambaya guda: ta yaya kuɗin baƙo zai tashi daga kan ƙanƙara ya shiga aljihun ɗan gari? Buƙatar amsar ta ƙara tsananta bayan da aka rushe runduna ta 27 ta sojan ƙasa a ƙarshen 2022, ɗaya daga cikin manyan rundunoni uku da garin ke ci daga gare su.

Akwai wata rumfa a filin da ɗan Afirka zai so ya leƙa, ta kofin Habasha. Sojojin Habasha sama da 6,000 ne suka yi yaƙin Koriya, sun kuma fafata a wannan yanki. Tun 2009 gundumar ke ba jikokinsu tallafin karatu, kuma cinikin kofin na shiga wannan asusu.

Ƙorafi kan bikin ya fito fili ne a daidai shekarar da ruwa ya ci ƙanƙarar. A Janairun 2020 gamayyar ƙungiyoyin kare dabbobi da muhalli ta kai ƙarar shugaban gundumar, Choi Moon-soon, da gidauniyar da ke shirya bikin, bisa zargin karya dokar kare dabbobi. Sun ce ana hana kifin abinci na kwanaki kafin a kawo shi, ana cunkusa shi a mota, da yawa kuma ƙugiya a ciki ko a ido take kama su ba a baki ba, sannan a bar su suna shure-shure a leda har su mutu. Abin da ya fi tsaya musu a rai shi ne wasan kamu da hannu, inda mutane ke shiga wani kewayayyen ruwa da gajeren wando da riga mai gajeren hannu, su damƙo kifi su cusa a cikin riga, wani ma ya sa a baki don hoto. A watan Fabrairu ministan muhalli na lokacin, Cho Myung-rae, ya nuna rashin jin daɗinsa da nishaɗin da aka gina a kan ran halitta, maganar da ta harzuƙa mutanen Gangwon, waɗanda a lokacin ke ƙirga asarar ruwan sama. A watan Yuni masu gabatar da ƙara na Chuncheon, babban birnin lardin, suka yi watsi da ƙarar, bisa hujjar cewa dokar ba ta shafi kifin da aka kiwata don ci ba.

Hukuncin ya rufe shari'a, amma ni ban ga ya amsa duka tambayar ba, kuma ina ganin abubuwa biyu ne aka cakuɗa. Kifin da aka kiwata don ci, aka kama shi da ƙugiya, aka gasa shi cikin awa guda aka cinye, ban ga laifin da ke cikinsa da ya wuce na kifin kasuwa ba. Hana kifi abinci kafin doguwar tafiya ma abu ne da duk mai kiwon kifi ya sani, don kada kashinsa ya ɓata ruwan tanki ya kashe shi a hanya, ko da yake ba a musun cewa kifi mai yunwa ya fi saurin kai wa ƙarfe cafka. Wanda ba zan iya kare shi ba shi ne wasa da kifin: a matse shi, a cusa shi a riga, a cije shi ana dariya, ko a jefar da shi a kan ƙanƙara ya daɗe yana numfarfashi. Mu da aka hore mu da mu wasa wuƙa mu hutar da abin yanka ba ma buƙatar dogon bayani a nan. Gyaran kuma ba shi da tsada. A soke kamu da hannu, a sa ma'aikata su nuna wa baƙo yadda zai kashe kifinsa nan take da bugu ɗaya a ka. Cinikin garin ba zai ragu da ko sisi ba, domin ramin ƙanƙara ne ke kawo mutane.

Ƙorafin masu muhalli ya fi wannan wuyar warwarewa. Rafin da ake yashe gindinsa ana datse shi kowace shekara ba zai zauna gidan ƙananan kifaye da ƙwarin ruwan da aka san shi da su ba. Akwai kuma fargabar cewa kifin gona da aka haɗa irinsa da na Japan, idan ya kuɓuce, zai gurɓata irin sancono na asali. Bayan an rufe biki akan ja taru a kwashe kifin da ya rage, a sarrafa mai kyau ya zama abinci, tunda ko an bar shi zafin bazara ba zai ƙyale shi ba.

Shekarun da suka biyo bayan 2020 sun nuna inda igiyar ta fi siriri. A 2021 korona ta hana bikin gaba ɗaya, alhali gidajen gona sun riga sun kiwata kifi sama da tan 70 bisa yarjejeniya. Gundumar ta karɓe shi, ta sa aka yi na gwangwani da busasshe da kayan miya na leda, aka sayar ta intanet da manyan kantuna. A 2022 ma ba a yi ba, kamar yadda aka soke na 2011 saboda cutar baki da ƙafa ta dabbobi. Da aka dawo a 2023 mutum miliyan 1.31 suka zo, a 2024 miliyan 1.53, a 2025 kuma miliyan 1.86, adadin da ya zarce na 2019. Annoba ta zo ta wuce, baƙi sun dawo. Ɗumamar hunturu ce ba ta da alamar wucewa. Janairun 2020 shi ne mafi ɗumi da Koriya ta Kudu ta gani tun da aka fara awon ƙasa baki ɗaya a 1973, kuma a 2024 gundumar Inje da ke lardi ɗaya da ita ta soke nata bikin sun ƙanƙara saboda tafkinta ya ƙi daskarewa yadda ake so. Hwacheon ta tsira a shekarar da sanyin kwarinta da iya sarrafa gudun ruwa. Ta kuma ƙarfafa hanyoyin karkatar da ruwan sama daga filin, ta tanadi wuraren fatsa daga kan gadoji masu iyo don ranar da ƙanƙara ba ta ɗauki mutum ba, duk da cewa 2020 ta nuna mutane kaɗan ne ke yin tafiyar awa biyu don wannan.

Sancono na buƙatar kusan shekara guda a gidan gona kafin ya kai girman da ake so. Saboda haka kifin da za a zuba a Janairu mai zuwa ana ƙyanƙyashe shi ne tun kafin a kwance rumfunan bana, a sa hannu a takarda, a ware kuɗin tan ɗari da wani abu, a lokacin da ba wanda ya san santimita nawa mai nutso zai auno a safiyar buɗewa.